Injiniya Ya Gayyaci Duniya Ta Yi Masa Karatu

Ƙanin mijina shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, kuma babu wanda ya tsaya yi masa gardama, don gardama da shi asarar yini ce. Ranar da ya ɗauki sunan, aikin da ya yi bai wuce canza ƙwan fitilar banɗaki ba, shi ma sai da ya taka bokitina ya fasa.

A ɗakin ƙofar gidanmu yake zaune. Yayansa, wato maigidana, yana da shagon kayan gini a bakin titi. Ya yi ya yi da shi ya zo ya kama masa aiki, shi kuwa ya ce hannunsa ba na ƙusa ba ne, na kwamfuta ne. Ya samo wata tsohuwar kwamfutar cinya wadda murfinta ba ya tsayuwa sai an tokare shi da gwangwanin madara, ya sanar da gida cewa ya fara koyon yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi.

Wata rana ina girki ya faɗo min kicin babu sallama.

"Matar Yaya, ajiye ludayin nan ki zo ki ga tarihi!"

Na goge hannu na bi shi. A kan baƙin allo an rubuta kalma biyu: Sannu duniya.

"Ni na sa ta ta faɗi haka," in ji shi, yana dukan ƙirji.

"Madalla. To duniyar ta amsa?"

"Za ta amsa. Ke dai ki riƙe ranar nan a ranki."

Ana cikin haka shugabar makarantar da yarana suke zuwa ta sa cigiyar malamin kwamfuta. Injiniya ya goge takalmi ya tafi. Matar nan ba ta da hayaniya, amma ba a yi mata rufa-rufa. Ta saurare shi har ya gama lissafa baiwar da Allah ya yi masa, sannan ta ce ya kawo wani abu da ya haɗa da kansa, ya nuna a taron iyaye da malamai na ƙarshen zango. In abin ya gamsar, aiki nasa ne.

Da ya dawo ya ba da labari, Yayansa bai ko ɗago daga kwanon abinci ba.

"Ka ji ni da kyau. Ko ka samu aikin nan, ko ka same ni a shago. Na gaji da ciyar da dogon suna."

"Yaya, ka ɗauka an riga an ba ni."

Matsalar ita ce darasi na biyu ya ƙi shiga kan Injiniya. Ya kalle shi a zaune, ya kalle shi a kwance, ya ce wanda ya rubuta darasin ne bai iya bayani ba. Sai ga shi da yamma ya same ni a tsakar gida ina ninke wanki, fuskarsa tana sheƙi.

"Matar Yaya, na gano hanyar manya. Masana ba sa wahala su kaɗai. Mutum zai fara abu, ya shimfiɗa shi a fili a intanet, duk wanda ya iya ya kawo gyara ko ƙari, kyauta. Buɗaɗɗiyar manhaja ake ce mata. To ni aikin koyon nawa zan buɗe. Zan gayyaci duniya ta shigo."

"Wato su za su yi maka karatun."

"Ni zan jagoranta."

"Ni dai da girmana na koyi karatu, a littattafan yaran nan, bayan sun yi barci. Ban ga ranar da wani ya haɗa baƙi a bakinsa ya shiga kaina ba."

"Naki karatun na da ne. Namu na haɗin gwiwa ne."

Na ce Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da ninkina.

Gayyatar da ya rubuta ta fi aikin kansa tsawo nesa ba kusa ba. Ya karanta mana ita a tsaye, hannu ɗaya a ƙugu. A ciki ya kira kansa wanda ya assasa, da babban mai tsarawa, da uban tafiya. Ya ce yana gina manhajar da za ta koya wa mutanenmu yaren kwamfuta cikin harshensu, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai hazaƙa. Ya saka ta, ya zauna yana jira.

Shiru. Ko ƙuda bai sauka a shafin ba.

Da ya ga duniya ta yi nawa, sai ya fita ya gayyato layinmu. Ya kawo mai aski, ya kawo tela, ya kawo mai kemis, ya jera su a kan katifarsa. Nan take ya raba musu muƙamai. Mai aski ya zama daraktan gwaji, tela daraktan ado, mai kemis kuwa aka ce masa babban mai ba da shawara.

"Za ta riƙa tuna min awon mutane?" in ji tela.

"Ƙaramin aiki."

"Za ta karanta rubutun likita?" in ji mai kemis.

"Har ta gyara masa."

"Ni tambayata ɗaya," in ji mai aski. "Darakta yana da wani abu a ƙarshen wata?"

"Suna ake samu a harkar nan, ba canji ba."

"To ai ina da suna."

Suka shanye min shayi fulas guda, suka ɓata yammacin a kan ko shafin farko ya zama shuɗi ko ruwan ƙasa. Tela ya ce ruwan ƙasa ba ya nuna datti. Mai kemis ya tambaye shi wane dattin ne zai shiga cikin allo. Kafin a raba su, mai aski ya ce bari ya gwada tunda shi ne daraktan gwaji, ya danna wani wuri da babban yatsa, rabin rubutun Injiniya ya ɓace. Sai da mai gyaran waya na kan kwana ya dawo da shi, yana yi yana dariya ƙasa-ƙasa.

Ikon Allah, bayan wani ɗan lokaci sai ga baƙi na gaske. Ta farko wata ce da ta sa hoton kyanwa a madadin fuskarta, don haka muke ce mata Mai Kyanwa. Na karanta saƙonta ta bayan kafaɗarsa: "Sannu da ƙoƙari. Tunaninka mai kyau ne. Akwai kurakurai a rubutunka, na gyara wasu. Ka duba da kyau kafin ka karɓa."

Injiniya ya yi tsalle har gwangwanin madara ya faɗi.

"Ta amsa! Matar Yaya, duniya ta amsa!"

A ƙasan saƙon akwai wani koren maɓalli na karɓar gyara. Ya danna shi kafin in kai ƙarshen layi.

"Ba cewa ta yi ka duba ba?"

"Shugaba ba ya dubawa. Amincewa yake yi."

Daga ranar yatsansa ya samu sana'a. Wani ya zo mai hoton agwagwa, wani mai hoton tsohuwar mota, wasu ma babu hoton. Mutanen kirki ne, Allah ya sani, sun ɗauka da gaske koyo yake son yi. Duk abin da suka aiko sai su haɗa da dogon bayani don ya fahimta. Shi kuwa ko layin farko ba ya karantawa, sai kore. In sun tambaye shi ko ya gane, sai ya rubuta, "Sarai. Dama abin da nake shirin yi ke nan." Da Mai Agwagwa ya tambaye shi me yake so manhajar ta zama, kalma ɗaya ya ba shi: "Babba."

A waje kuwa ba a jin kunne. Duk wanda ya tsaya sayen kati ko ruwa sai ya ji cewa Injiniya yana da ma'aikata a ƙasashen da bai san sunansu ba, kuma ba ya biyan kowa.

Rannan Mai Agwagwa da Mai Tsohuwar Mota suka saɓa. Wannan ya ce a bi ta nan, wancan ya ce hanyar ba ta ɓullewa, kowa ya aiko nasa, suka ce mai aikin ya zaɓa. Injiniya ya ce shi uba ne, ba ya nuna bambanci, ya karɓi duka biyun. Kwamfutar ta fara huci kamar wadda ta hau tudu da kaya. Ta yi zafi har ba ta taɓuwa.

Na idar da la'asar na buɗe firji zan ɗauko wa yara ruwa, sai na ganta a ciki, zaune a kan ƙwai.

"Injiniya! Mene ne wannan?"

"Sanyaya na'ura nake yi. Manyan kamfanoni ma haka suke yi."

"Manyan kamfanoni a kan ƙwan matar yayansu suke yi?"

Ƙwai huɗu suka tafi a wannan binciken. Mai Kyanwa ce ta zo ta warware rikicin, ta roƙe shi don Allah ya daina karɓar abin da bai karanta ba. Ya amsa mata da cewa shawararta ta yi daidai da tsarinsa.

Sai kuma ya bi daraktocinsa ya saka musu manhajar a waya, wai gwajin fili. Bai san wani daga cikin baƙin ya ƙara mata murya mai tuna wa ɗalibi karatu ba. Mai aski yana tsakiyar gyara wa wani babban mutum gemu, wayar ta daka tsawa daga aljihunsa: "Ɗalibi! Yau ba ka yi darasinka ba!" Hannu ya goce. Gefe ɗaya na gemun da aka yi shekaru ana tattali ya sauka a kan tawul.

Su biyun suka zo ƙofar gidanmu, mai gemun yana rufe da haɓarsa da hula.

"Fito, uban tafiya!" in ji mai aski. "Fito ka mayar masa da gemunsa!"

Injiniya ya leƙo ta taga. "Wannan shi ake kira rahoton matsala. Ka rubuta a shafin, za a duba."

"Zan rubuta maka shi a ƙeya!"

Sai da maigidana ya fito ya ba da haƙuri. Tela ya ajiye muƙaminsa a wannan yammacin, don tasa wayar ta kira shi malalaci a gaban wani da ya kawo ɗinki, wanda ya yi wa alkawari sau uku. Mai kemis kuwa ya daina amsa sallamarsa.

Ana saura kaɗan taro, Mai Kyanwa ta sake rubutowa. Ta ce sun kusa kammala darussan, kuma suna neman izininsa su yi amfani da rubutunsa na farko a ciki, don zai amfani masu koyo ƙwarai. Ta ce ta yi bayanin yadda za su yi amfani da shi a ƙasa, ya karanta tukuna, in bai ji daɗi ba sai a bari.

"Kin ji ko?" in ji shi. "Rubutuna za a koyar. Ni da aka ce in je in auna ƙusa."

"Karanta bayanin mana."

"Yabo ne, na san irinsa." Ya rubuta mata sharaɗi ɗaya, a sa sunansa da manyan baƙaƙe tare da hotonsa, wanda ya ɗauka da baƙin tabarau. Ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna kore.

Ranar taro ya ari kwat ɗin Yayansa, hannun ya wuce yatsunsa. Na tambaye shi a hanya ko ya taɓa bin darussan nan daga farko ya ga abin da ke ciki. Ya ce mai gini ba ya neman a zagaya da shi gidansa.

Zauren makarantar ya cika. Iyaye sun takure a kan bencin yara, gwiwa har ƙirji. Malamai suna gefe, shugabar makaranta tana gaba da tabarau a kan hanci. Mai aski ya rufe shago ya zo, ya samu wuri a layin farko. Tela da mai kemis suna bayansa, har da mai gemun, wanda yanzu ya aske ɗaya gefen ma. Aka haɗa kwamfutar da majigi da lasifika, aka tokare murfin da gwangwani.

Injiniya ya gyara murya.

"Iyaye, malamai, yau idonku zai ga abin da bai taɓa gani ba. Wannan manhaja da na gina, ita kaɗai makaranta ce. Tana koyarwa, tana tambaya, tana gyara wa yaro kuskure. Ba ta gajiya, ba ta zuwa a makare."

"Ita kaɗai take duk wannan?" in ji shugaba.

"Ita kaɗai, ranki ya daɗe. Ko babu malami a aji. Kuma saboda ni ba mai rowa ba ne, na buɗe ta ga duniya. Duk wanda ya so ya ɗauka kyauta, ba sai ya nemi izinina ba. A rubuce yake, ko ni ban isa in janye ba."

Na ga maigidana, wanda ke zaune kusa da ni, ya dafe goshi. Shugaba ta gyaɗa kai a hankali ta ce ya nuna.

Ya danna. Bango ya haska, sai ga fuskarsa ƙatuwa da baƙin tabarau. A ƙasanta an rubuta, muryar kuma ta karanta da ƙarfi yadda na bayan zaure zai ji:

"Darasi na ɗaya. Yadda ba a rubuta umarni. Duk misalan kuskuren da za ka gani a nan daga hannun INJINIYA suka fito, da izininsa. Muna gode masa."

Wani a baya ya yi tari. Mai aski ya gyara zama.

"Tawali'u ne irin na masana," in ji Injiniya. "Mu ci gaba."

Layi uku suka fito a bango. Muryar ta ce, "Nemo kuskuren da ke cikin wannan."

Ya matsa kusa ya ƙura ido. Ya ja da baya ya ƙura ido.

"Wannan ni na rubuta shi. Babu kuskure a ciki." Ya danna inda aka rubuta babu.

"Ba daidai ba. Akwai guda biyar. Kada ka karaya, sake gwadawa."

"Biyar a layi uku!" in ji tela. "Ko ni ban taɓa ɓata yadi haka ba."

Injiniya ya sake ƙura ido. Ya zaɓi wata kalma ya danna.

"Ba daidai ba. Wannan ita ce kalma ɗaya da marubucin ya rubuta daidai."

Zaure ya ɗauka. Allah ya yafe min, na sa bakin mayafi na toshe bakina, amma kafaɗuna suka tona min asiri.

"Na'urar ce ta ɗau zafi," in ji shi. "Akwai firji a nan?"

"Ci gaba dai," in ji shugaba.

Ya sake dannawa, ya sake faɗuwa. Muryar ta sassauta kamar mai lallashin yaro: "Da alama wannan matakin ya yi maka nauyi. Babu komai. Mun mayar da kai matakin 'yan shekara shida." Sai ga wata agwagwa rawaya ta fito tana rawa a bango, ta ce a taimaka mata ta je bakin ruwa, a jera mata umarni: gaba, gaba, dama.

Injiniya ya tura ta hagu. Ta faɗa rami, ta yi kuka mai ban tausayi.

"Ya kashe ta!" in ji mai gemun. "Wallahi ya kashe ta!"

"Ku yi shiru, tsari ne!"

Agwagwa ta dawo, ya sake jefa ta ramin. A nan wani koren maɓalli ya fito a ƙasan allo. Ni daga inda nake zaune na karanta abin da ke jikinsa, amma yatsan Injiniya ya riga ya saba. Ya ga kore, ya danna.

Lasifika ta yi ƙara kamar ƙararrawar tashi. "Ɗalibi ya amsa cewa bai gane komai ba. Ɗalibi yana neman taimako. Malami ya zo. Malami ya zo."

Mutane suka fara waige-waige.

"Wane malamin kuma?" in ji mai kemis.

"Ai shi ne malamin," in ji mai aski. "Malam, je ka taimaki kanka mana, yaron nan yana wahala!"

Injiniya ya kai hannu zai kashe, hannun kwat ya kwashe gwangwanin madara, murfi ya rufe bam. Hoton ya ɗauke, amma muryar ba ta san an rufe ba. Ya rungumi kwamfutar a ƙirji, ya lulluɓe ta da kwat, tana ta kiran malami daga hammatarsa. Sai da malamin lissafi ya tashi ya zare wayar lasifikar aka samu lafiya.

Shugaba ta jira dariya ta lafa. Ta cire tabarau ta goge.

"Gaskiya manhajar nan ta yi kyau. Waɗanda suka yi ta sun san aikinsu, kuma sun san yara."

Injiniya ya ɗan miƙe wuya. "Na gode, ranki ya daɗe. Jagoranci ne."

"Ka ce kyauta ce?"

"Na... eh, na ce."

"Ba sai da izininka ba."

"Wato, in aka duba ta wani ɓangaren..."

"A rubuce yake, ko kai ba ka isa ka janye ba. Haka ka ce. Kuma tana koyarwa ko babu malami." Ta juya wajen malamin lissafi. "Malam, za ka iya zama da yara sau biyu a mako su bi darussan nan?"

"Da ni da su sai mu koya tare," in ji shi.

"To shi ke nan, an huta da neman malami. Injiniya, makaranta ta gode. In kana so, akwai benci a bayan aji ranar Asabar. Ka fara daga agwagwar."

A hanyar gida bai yi shiru ba. Ya ce hassada ce, ya ce an haɗa baki da Mai Kyanwa, ya ce dama ƙasar nan ba ta san darajar masu hangen nesa ba. Yayansa ya ci gaba da tafiyarsa. Da muka isa ƙofa ya miƙa hannu kawai ya ce, "Kwat ɗina."

Washegari da rana na kai musu abinci shago. Na tarar motar siminti ta tsaya a bakin titi, buhuna jibge har sama. Injiniya yana tsaye a kan bayan motar da tsohuwar riga, yana ɗaga wa masu wucewa hannu.

"Jama'a, dama ta samu! Aikin sauke kaya na haɗin gwiwa! Ƙofa a buɗe take, kowa ya kawo gudummawar ƙarfinsa, ni zan jagoranta!"

Wani mai keke ya rage gudu, ya kalle shi, ya ƙara gaba. Mai aski ya leƙo daga shagonsa ya ce a ajiye masa muƙamin darakta.

Maigidana ya fito daga cikin shago yana kaɗe hannu. Ya tsaya a gindin motar ya ɗaga kai.

"Sauko."

"Yaya, mutane nake tarawa."

"Wannan aikin mutum ɗaya aka gayyata, kuma ya riga ya iso. Sauko ka sunkuya."